Rediyo Mai Jar Riga

Ni fa ban so shiga maganar nan ba. Har gobe in an tambaye ni cewa zan yi jawo ni aka yi, kuma da kunne aka jawo ni, na hagu, a gaban jama'a, ina ɗan shekara ashirin da 'yan gashin bakina guda bakwai da nake ji da su. Wadda ta yi mani wannan aikin kakata ce, ita kuwa babu kotun da ake kai ƙararta.

A lokacin ina da rumfar faci a Ƙofar Kwaya. Kekunan haya huɗu, famfo ɗaya, da tsohon daro na ruwa da nake tsoma tib in nemi huji. Boko na yi shi har aji biyu na sakandare, daga nan muka rabu lafiya, ni ban koma ba, su ma ba su aiko nemana ba. Ɗan Turancin da na tsira da shi ya ishe ni karanta rubutun bayan mota da ruɗa 'yan ƙauye, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka ɓalle a ƙasa. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da na baya. Masinja ya wayi gari da babur, mai gadi ya sayi agogo ya riƙa naɗe hannun riga don a gani. Masu saye suka fi kayan yawa. Duk abin da ka nema ka rasa, siminti ne ko madara ko tayar keke, sai mai kanti ya ce maka yana cikin jirgin ruwa a Ikko, layin sauke shi bai zo ba. Har abin ya zama na tsokana. Ka tambayi tuzuru yaushe za mu sha biki, ya ce maka amarya na cikin jirgi.

Abin da dai ya samu fitowa daga jirgin da yawa shi ne rediyo. Kowa ya saya. Kuma a lokacin ba a barin rediyo tsirara, riga ake yi mashi. Mai ƙaramin ƙarfi matarshi ta saƙa mashi da zare, mai hali ya kai wa dukawa su ɗinka ta fata da tuntaye, a bar 'yar taga wurin lasifika da wurin murɗa tasha. Ta rigar ake gane rediyon kowa a unguwa tun daga nesa.

Tsallaken rumfata akwai mai gyaran su. Mutumin Filato ne, Kirista, shekararshi goma sha ɗaya a unguwar. Zauren gidan da yake haya ya mayar shago, shi da matarshi da 'ya'ya uku suna ciki. Kowa Mai Rediyo yake ce mashi, ni kaɗai nake ce mashi Likita. Da safe in ya buɗe ƙofa sai ya leƙo.

"Injiniyan iska, an tashi lafiya? Jiya iska nawa ka sayar?"

"Lafiya lau, Likita. Ya marasa lafiyarka? Na ji wani na ta tari tun ɗazu, ko ka yi mashi allura?"

Haka muke buɗe kasuwa kullum. Ran Lahadi kaɗai ake hutawa da bakina, ya sa farar taguwa, su jera shi da iyalinshi su tafi coci, su dawo da azahar matar ta aiko wa kakata da gwaten acca a kwanon sha. Kakar tawa ita ce ungozomar unguwa, ita ta karɓi haihuwar yaran duka uku, don haka kamar jikokinta ta ɗauke su, har da zagin.

Likita yana da wata ɗabi'a a aikinshi. In ya canza wani abu a cikin rediyonka, ba ya yar da tsohon. Sai ya yagi 'yar takarda ya ƙunshe shi, ya murɗe bakin, ya miƙa maka. "Naka ne, tafi da shi, kar gobe wani ya ce maka mai kyau na cire." Ko abin bai kai ƙwayar dawa ba sai ya ƙunshe. Samari kuma sun fi kowa zarya a shagon, don su ke ƙure murya har lasifika ta fashe. Kullum za ka ga wani ya fito da rediyo a kafaɗa yana tura ɗan ƙunshi a aljihu.

Ana nan sai ga wani mai yankan farce ya bayyana. Ya zo da ɗan bencinshi ya ajiye a gindin darbejiyar da ke jikin katangar Alhaji, ɗan kwangilar da rumfata ma a jikin tashi katangar take jingine. Ya ba katanga baya, ya fuskanci shagon Likita, ya zauna.

Tun a ranar farko na ce anya. Mai yankan farce yawo yake yi, yana kaɗa almakashi ƙyas-ƙyas don a ji shi. Wannan ya zauna kamar an dasa shi, almakashinshi shiru, ga safa a ƙafa. Na ce bari in gwada. Na je muka gaisa, na miƙa hannu. A yatsa na biyu ya taɓo nama, na cije. Da ya gama sai ya kalli farcen da ya taru a kan gwiwarshi, ya hure shi, ya kaɗe wando.

Nan na gama da shi. Duk wanda ya taɓa riƙe almakashi a garin nan ya san ba a yin haka. Tattara farcen ake yi tsaf, a zuba wa mai shi a tafin hannu, ya je ya tona ya binne abinshi. Ko yaron da ya fara koyo jiya ba zai watsa farcen mutum a hanya kaji su bi ta kai ba. Kafin la'asar unguwa duka ta san an kawo mana ɗan sandan ciki.

Ba mu tsane shi ba, gaskiya. Mutum ne mai fara'a, kuma zaman na damunshi, kana gani. In zan wuce sai in rusuna in ce, "Sannu da aiki, ranka ya daɗe. Ya gwamnati?" Ya ce, "Wace gwamnati kuma?" In ce, "Ta yankan farce mana." Ya yi dariya ya kau da kai. Matan unguwa har kunu suke aika mashi, wai bawan Allah ba ya ciniki. Amma duk da wasan, zamanshi ya canza mu. Dattawan da ke zama a dakali suna caccakar gwamnatin soja suka koma hirar damina. Mai sauraren labaran tashoshin waje ya riƙa kanga rediyo a kunne. Ni kaina sai na ga ina gyara zama in ya ɗago kai, alhali faci kawai nake yi.

Kowa ya san abin da ya zo nema. Lokacin an sa wiwi a gaba, ana ta kame, kuma ɗaurin ba na watanni ba ne, shekaru ake yanke wa mutum. Kuma ba ƙarya, ana sha a unguwar. Sai dai ba a gabanshi ake sha ba, a bayanshi ne. Garejin Alhaji na bayan katangar da ya jingina, nan ɗan Alhaji da abokanshi ke shigewa bayan azahar su turo ƙofa. In iska ta kaɗo, warin ta kan bencin mai yankan farce yake bi kafin ya iso rumfata. Na san warin, don ni ma na taɓa gwadawa sau ɗaya a bayan ganuwa. Na dawo gida na cinye tuwon mutum huɗu, na zauna ina yi wa turmi bayani, kakata ta gane, ta yi mani abin da ban sake ba.

Wata biyu yana zaune. Ran wata Alhamis da hantsi motar 'yan sanda ta tsaya ƙofar shagon. Suka shiga su huɗu suka fara buɗe rediyoyin mutane ɗaya bayan ɗaya, Likita na tsaye yana cewa su yi a hankali da na Liman. Ƙunshin takarda suka fara tarawa, suna warwarewa suna ganin ƙonannun wayoyi, ransu na ɓaci. Can wani ya ɗauko wani babban rediyo mai kaset, mai jar rigar fata da tuntaye kore, ya buɗe ramin batir. Babu batir a ciki. Ƙulli biyu ne na wiwi.

Suka sa wa Likita ankwa a gaban 'ya'yanshi. Da za a tura shi mota ya waiwayo ya dube ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai cikin daro ina neman huji a tib ɗin da na riga na liƙe tun safe.

Na san rediyon. Duk unguwa ta san shi, na ɗan Alhaji ne. Gidan Alhaji akwai lantarki, shi ya sa ramin batir ɗin ya zama ma'aji, kuma mai shi ya kawo gyara ya manta da ajiyarshi, don irin wannan ajiya ita ke sa mantuwa. Amma rumfata a jikin katangar uban take. Na ce wa kaina ni faci na sani.

A unguwarmu akwai yadda ake yi in an kama wani. Mai Unguwa zai sa babbar riga, ya tafi caji ofis da ƙafarshi, ya ce, "Wannan ɗana ne, ni na tsaya mashi." In dai ba kisa ba ne, yawanci tare suke dawowa, sauran faɗan a ƙarasa shi a zaure. An yi wa ɓarawon tantabaru haka, an yi wa wanda ya fasa wa direba kai. Ba a taɓa kwana ana shawara ba. Amma ranar Alhamis ta wuce, rigar na rataye. Aka ce sai an zauna tukuna, gobe bayan la'asar. Litinin kuma za a kai Likita kotu, in ya shiga can, magana ta fi ƙarfin riga.

Juma'a da safe matar Likita ta shiga wurin kakata. Ban san abin da suka ce ba. Na dai ga tsohuwa ta fito da sandarta ta nufo rumfa bayan an idar da sallar la'asar.

"Kai, mijin banza. Tashi mu tahi."

"Ina kuma, amarya? Kin ga ina da aiki."

"Zauren Mai Unguwa. Ka hwaɗi abin da ka gani."

"Ni mi na gani? Kaina a daro yake kullum."

"Ka ga kwanon gwate dai, ko? Shi ba ka taɓa kuskure shi ba. Shekara nawa kana lashe shi?"

"Iya, Alhaji zai tashe ni daga nan."

"Ya tashe ka. Iska kake saidawa, ko'ina akwai ta."

Sai ta kama kunnen. Haka muka ratsa layi, ina tafe a karkace, mai yankan farce na kallo. Na ce mashi, "Ranka ya daɗe, ga zalunci a gabanka, rubuta." Bai rubuta ba.

Zauren ya cika. Mai Unguwa na kan buzu, dattawa sun jeru a tabarmi. Alhaji bai zo ba, an ce ya yi Kaduna tun safe. Kakata ta tura ni ciki, ita ta zauna a dokin ƙofa ta waje, inda take jin komai. Aka yi gaisuwa har ta ishi kowa, aka tambayi gida da gajiya da iyali da sanyin damina, sannan aka shiga magana.

Mutum biyu ne suka riƙe ta. Ɗaya Malam Akawu, ma'aikacin sakatariya, mai tabarau da biro uku a aljihu. Da girmanshi ya shigo birni daga wani ƙauye ya yi karatu ya zauna, amma ya fi kowa yawan cewa "mu 'yan gari". Ɗayan Hedimasta, wanda ya taɓa zane ni a firamare har sau ba adadi, ban kuma riƙe shi ba don duk na ci.

Akawu ya fara. "Ranka ya daɗe, ni ban ƙi mutumin nan ba, ya gyara mani rediyo sau biyu. Amma abin nan a shagonshi aka same shi. Kun san ƙanen matata. Yaro mai hankali, ga shi can yau a ɗaure da mari, yana magana da bango. Wiwi ne ya yi mashi haka. In gwamnati ta tashi tsaye ta sa ido, mu kuma mu je mu ce a saki wanda aka kama, gobe da wane baki za mu yi kuka?"

Maganar yaron kam gaskiya ce, kowa ya san shi.

Hedimasta ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Ba wanda ya ce kar a kama mai saidawa. Tambayata ɗaya ce. Wa ya ce wa gwamnati ta fara da wannan ƙofar? Gida nawa ne a layin nan?"

"Inda samari ke taruwa nan ake dubawa."

"Samari na taruwa wurin mai shayi. Suna taruwa wurin wannan shaiɗanin mai faci. Bara da aka aiko a rubuta sunayen 'yan haya, su wa aka rubuta? Ni na riƙe biron, ranka ya daɗe, kana zaune. Gidan da ke da 'yan haya takwas, biyu aka ce in sa, masu zuwa coci. Sauran shidan aka ce ai namu ne."

Mai Unguwa ya yi gyaran murya ya duba rufin zaure.

Akawu ya ce, "To ai su ne ba a san asalinsu ba. Ɗan gari in ya yi laifi an san gidan ubanshi. Baƙo fa? Ya ɗaure kayanshi ya shiga mota. Kuma ni ban ga abin damuwa ba don an zaunar da mutum yana kallo. In ba ka aikata komai ba, ina ruwanka da mai kallo?"

"Kai da ka daina zagin gwamna a dakali tun da ya zo, mi ka aikata?"

Aka yi 'yar dariya. Akawu ya cire tabarau ya goge. "Wannan daban. Ni ma'aikaci ne."

Suka yi ta yi. Wani ya ce a bar hukuma ta yi aikinta, wani ya ce a jira Alhaji ya dawo, ba tare da ya faɗi dalilin jiran ba. Abin da na lura da shi, an yi kusan awa ana magana, an ambaci gwamnati, an ambaci soja, an ambaci Filato, ba wanda ya ambaci launin rigar rediyon. Ni ma na lafe a lungu ina fatan a manta da ni.

Sai Mai Unguwa ya ce, "Kai, ɗan faci. An ce kai ne kusa. Mi ka gani?"

"Ranka ya daɗe, ni yawanci kaina a sunkuye yake."

Daga bakin ƙofa aka buga sanda a ƙasa sau ɗaya.

Na ce, "Amma nakan ɗago wani lokaci."

Na laluba aljihu. Akwai ƙunshi ɗaya da Likita ya ba ni tun makon jiya da ya duba ɗan rediyona. Na ajiye a gaban buzu na warware. Wani ɗan ƙonannen abu ne kamar kashin ɓera.

"Wannan shi ne abin da mai yankan farce ya ga samari na fitowa da shi wata biyu. Duk wanda ke nan an taɓa ba shi irinshi. Malam Akawu, kai ma guda biyu aka ba ka."

"Ba a kan wannan aka kama shi ba," in ji Akawu. "A cikin rediyo aka samu."

"Haka ne. Rediyon kuma Laraba da yamma ya zo, Likita bai ko taɓa shi ba, don akwai biyar a gabanshi. A rataye ya zo a kan babur. Ni na ƙara wa baburin iska." Na saci kallon bakin ƙofa. "Ban dai kalli fuskar mai shi ba, ranka ya daɗe. Amma baburin madubi huɗu gare shi."

Babur mai madubi huɗu ɗaya ne a Ƙofar Kwaya, ina jin ma a Katsina duka. Dattawa suka shiga kallon saƙar tabarma kamar yau suka fara ganinta. Ni kuwa a zuciyata ina ta ban kwana da rumfa.

Akawu bai saki ba. Ya ce, "Ko da haka ne, ba laifin hukuma ba ne. Abin da jami'i ya gani shi zai kai. Mutum ido biyu gare shi, ba ya ganin bayan katanga."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Gaskiya ne, Malam, ido ba ya huda katanga. Amma abin nan ai wari gare shi. Kullum bayan azahar ta kan hularshi hayaƙin ke bi kafin ya zo wurina, har akuyar maƙwabta ta fara tafiya a karkace. Ko ido kaɗai gwamnati ta ba shi, hancin na cikin jirgi a Ikko?"

Hedimasta ne ya fara fashewa. Liman ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunshi na rawa. Mai Unguwa ya ja rawani ya rufe har hanci, ya daɗe a haka, sannan ya sauke ya leƙa cikin gida ya ce, "A ɗauko mani babbar riga."

Tare muka tafi caji ofis, ni da shi da Hedimasta. Na maimaita maganar madubi huɗu a gaban babban ɗan sanda, ya rubuta rabi ya ajiye biro. Kafin magariba Likita na gida. Ba zan yi maku ƙarya in ce gaskiya ce ta fitar da shi ba. Sun dai hango inda hanyar za ta ɓulle in aka ci gaba da bin ta, sai suka ga gara a tsaya. Ba a kama kowa ba. Ɗan Alhaji aka tura shi karatu, rediyo mai jar riga bai dawo ba, mai yankan farce ya ɗauke bencinshi ran Asabar, har ya tsaya ya yi mani sallama. Alhaji ya dawo ya aiko a ce in matsar da rumfa, wai zai yi wa katanga fenti. Na matsa tsallake, jikin shagon Likita. Fentin har yau ba a yi ba.

Shekara goma sha wani abu muka yi a jere, ni da Likita. Bai taɓa tada maganar daron da na sunkuya a ciki ba, ni ma ban tada ba. Yanzu an sare darbejiyar, an faɗaɗa titin, inda shagon yake wani yaro ke saida waya, in ta lalace ya ce ka sayi sabuwa. Ba mai ƙunshe maka komai. Nakan bi ta wurin in rage tafiya, in ji kamar za a leƙo a tambaye ni iska nawa na sayar.

Amma gardamar ba a caji ofis ta ƙare ba, tun a ƙofar zaure ta ƙare. Mai Unguwa ya zura riga yana neman takalmi, Akawu ya biyo shi har waje, murya ƙasa-ƙasa, don shi har ga Allah gani yake gyara yake yi.

"Ranka ya daɗe, ka yi tunani. In ka je mi za ka ce masu? Ɗanka ne? Mutumin nan fa ba ɗan gari ba ne."

Kakata na zaune a dokin ƙofa, haɓarta a kan sanda. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Cibiyar 'ya'yanshi uku ni na binne ta da hannuna a bayan ɗakin can. Taka fa, Malam, ban san wadda ta binne ba. Da wandonka ka zo garin nan."